Abin Da Muka Kira Sanyin Ruhu

Karatu: 1 Sarakuna 19:1-8, 1 Korantiyawa 12:21-26



Abin da za mu rubuta yau ya shafi wani kuskure da muka yi, mu masu kiwon garke, a kan wata 'yar'uwarku. A wata ikilisiya abin ya faru, inda muka yi hidima kafin a kira mu koyarwa a kwalejin tauhidi. Ta ba mu izini mu ba da labarin, da sharaɗin kada mu ambaci sunanta.

Shekarunta 26 a lokacin, malamar firamare ce, ita ce kuma mai jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan matasa. Ran Lahadi kafin a buɗe majami'a tana bakin ƙofa. Sai a hankali abubuwa suka fara sauyawa. Ta fara makara. In an miƙe ana yabo, kafin a kai baiti na uku ta nemi benci. Hannun da take ɗagawa sama tana bi da mawaƙa ya daina wuce kafaɗa. Muryarta ta dishe. A watan Afrilu, kowa na fifita, ita tana cikin rigar sanyi. Ta yi ƙiba, fuskarta ta kumbura, har wasu suka fara raɗe-raɗin da ba ya dacewa a yi wa budurwa.

Muka kira ta ofis tare da dattawa biyu. Ta ce, "Baba, jikina ne. Kafaɗuna da cinyoyina kamar an kwana ana dukana. In na zauna a kujera, tashi sai na dafa bango. Da dare yatsuna su mutu, kamar ana soka mini allura." Mun ji maganar, amma ba mu saurara ba, domin mun riga mun yanke hukunci kafin ta shigo. Muka tuna mata da gargaɗin da aka yi wa ikilisiyar Afisa game da barin ƙaunar fari. Muka ce ta yi azumin kwana uku, ta kuma huta daga jan waƙa har sai zuciyarta ta farfaɗo. Ta ce, "To, Baba," ta tashi da ƙyar ta fita. Mun ga yadda ta dafa tebur kafin ta miƙe, ba mu kuwa tambayi kanmu dalili ba.

A gida ma ba a zauna ba. An yi mata maganin zazzaɓin cizon sauro, an yi na taifod har sau uku. Mai kemis ya yi ta ba ta ƙwayoyin kashe ciwo har suka fara ƙona mata ciki. Gwaggonta ta ce jifa ne. Kusan shekara guda ana haka.

Allah ya buɗe hanya ta hannun wata uwa cikin zumuntar mata, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ta je gaishe ta, ta miƙa mata ruwa, ta tsaya tana duban wuyanta. Ta ce, "'Yata, sake haɗiyewa in gani." Ta ga wani ɗan kumburi yana hawa yana sauka a ƙasan zakaran wuya. Ta taɓa hannunta ta ji bugun jini yana tafiya a hankali, fata kuma ta bushe. Ta ce gobe za su asibiti, a yi gwajin jini na tairod.

Bari mu faɗa muku abin da muka koya daga nan, domin yawancinmu ba mu taɓa jin sunan ba.

Tairod wata 'yar gaɓa ce a gaban wuya, mai siffar malam-buɗe-littafi, nauyinta tsakanin giram 15 zuwa 25 ne kawai. Kumburinta ne kakanninmu ke kira maƙoƙo. Aikinta ta zuba wani sinadari mai suna tairoksin cikin jini, shi ne ke tsara saurin aikin jiki duka: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci, tunani, da ƙarfin tsoka. In ta yi rauni, komai sai ya yi sanyi. Mutum ya riƙa jin gajiya ko ya kwana yana barci, ya ji sanyi cikin zafi, bayan gida ya yi tauri, gashi ya zube, mantuwa da baƙin ciki su shigo. A wurin mata al'ada takan rikice ko ta yi yawa.

Ga kuma inda ciwon jiki yake fitowa. Tsoka ba ta samun isasshen ƙarfi, tana jinkirin tamkewa da jinkirin sakewa, sai ta riƙa ciwo tana murɗawa. Manyan tsokokin kafaɗa da na ƙugu da cinya su suka fi shan wahala, shi ya sa hawan bene, tashi daga tabarma, ɗaura ɗankwali ko ɗaga bokiti zuwa ka suke zama aiki. Wani ruwa mai kauri yakan taru cikin nama da gaɓoɓi, gwiwa ta kumbura ta sandare. In ya matse jijiyar da ta bi ta wuyan hannu, yatsu su mutu da dare. In ya taɓa maƙogwaro, murya ta dishe. Duk abin da 'yar nan ta faɗa mana a ofis, ga shi a jere.

Abubuwa da dama kan jawo wannan rauni. Akwai ƙarancin aidin cikin abinci, wanda saboda shi ne Najeriya ta wajabta sa aidin cikin gishiri tun 1993. Akwai cutar da sojojin jiki ke juyowa su yaƙi tairod, wadda wani likitan Japan mai suna Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, ita ce kuma aka samu a jikin 'yar'uwarmu. Yakan zo bayan haihuwa, ko bayan an yi wa mutum tiyatar maƙoƙo. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, amma maza ma ba su tsira ba.

Gwajin da ake fara yi sunansa TSH. Wata gaɓa ce a ƙasan ƙwaƙwalwa take aiko da wannan saƙo zuwa ga tairod, tana cewa ta yi aiki. Ku mawaƙa kun san yadda mai jan waƙa yake ɗaga murya in mai ganga ya fara ja da baya. Haka TSH yake hawa cikin jini in tairod ta gaza, tairoksin kuma ya sauka. Nata ya hau sosai.

Maganin wata 'yar ƙwaya ce ƙarama mai suna lebotairoksin, wadda take maye gurbin abin da jiki ya kasa yi. Likita ya ce ta sha kowace safiya da ruwa kaɗai, cikinta babu komai, ta jira minti 30 zuwa awa ɗaya kafin karin kumallo. In tana shan maganin ƙarin jini ko na ƙarfin ƙashi ko na gyambon ciki, ta bar awa 4 tsakani, domin suna hana jiki tsotse shi. Bayan mako 6 zuwa 8 ta koma a sake gwaji, a ga ko za a ƙara ko a rage. Ya kuma gargaɗe ta kada ta ƙara wa kanta don neman sauri, gama in ya yi yawa yana kawo faɗuwar gaba, zufa, rawar hannu da rashin barci, in an daɗe kuma ya raunana ƙashi.

Sauƙin bai zo dare ɗaya ba. Jin sanyi da gajiya su suka fara raguwa. Ciwon kafaɗa da na cinya ya ɗauki watanni, har ta taɓa yin kuka tana cewa maganin ba ya aiki, uwar nan ta yi ta ba ta haƙuri. Ranar da ta sake tsayawa gaban mawaƙa ta ɗaga hannu har sama, mun kasa haɗa ido da ita. Bayan sujada muka kira ta tare da dattawan nan biyu, muka roƙi gafararta a ofishin da muka hukunta ta.

Da a nan labarin ya ƙare, da mun ji daɗi. Amma bayan kamar shekara ta je wani babban taron farkawa a wani gari. Mai wa'azi ya ce duk wanda ya gaskata ya warke, ya jefar da maganinsa a gaban bagade. Ta jefar. Sinadarin nan yakan daɗe cikin jini, sai kamar mako guda rabinsa ke ƙarewa, don haka kwanakin farko ba ta ji komai ba, har ta ba da shaida. Bayan 'yan makonni ciwon ya dawo, muryar ta sake dishewa. Ta ɓoye mana, domin a ganinta rashin bangaskiyarta ne ya dawo da shi. Da ta zo daga baya, tambaya ɗaya ta yi: "Baba, in na koma shan ƙwayar nan, na ƙaryata Allah ke nan?"

Wannan tambaya ce ta mayar da mu ga Iliya. Annabin da ya ga wuta ta sauko a Dutsen Karmel, shi ne ya gudu jeji ya zauna ƙarƙashin wani itace yana roƙon mutuwa. Da a ofishinmu ya zo, da mun ba shi azumi. Ubangiji kuwa ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da abinci da ruwa, ya sake barinsa ya kwanta, ya sake ciyar da shi. Sai da jiki ya samu ƙarfi aka kai ga maganar Dutsen Horeb. Wanda ya yi mu daga ƙurar ƙasa ya san cewa gajiyar jiki takan shiga har cikin addu'a.

Littafi Mai Tsarki bai taɓa sa magani da bangaskiya su yi gaba ba. Allah ne ya yi wa Sarki Hezekiya alkawarin ƙarin shekara 15, duk da haka Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, ya ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa, yana kuma tafiya da Luka likita. Mun gaskata Allah yana warkarwa nan take in ya ga dama, mun kuwa ga ya yi. Amma warkarwar gaske ba ta tsoron gwajin jini. Yesu da kansa ya aiki kutaren da ya tsarkake su je firist ya duba su.

Muka ce mata ta tuna da manna. Allah yana da iko ya ƙosar da Isra'ilawa sau ɗaya na shekara 40, amma ya zaɓi su fita kowace safiya su tattara. A 1891 wani likita a Ingila, George Murray, ya fara yi wa wata mace mai wannan ciwo magani da ruwan tairod na tunkiya, ta kuwa rayu shekara 28 bayan haka. Kafin lokacin, masu tsananin ciwon nan sai dai su yi ta ramewar ƙarfi har mutuwa. Wane ne ya ba ɗan adam wannan sani? Ta koma wurin likita, ta sake farawa. Yau tana da aure da ɗa. Da ta samu ciki ma ba ta daina ba, likita ƙara mata ya yi, domin ƙwaƙwalwar jariri tana bukatar sinadarin nan tun watannin farko.

Matasa, ba kowane ciwon gaɓoɓi ne tairod ba. Akwai sikila, akwai sanyin ƙashi, akwai gajiyar noma da ɗaukar kaya. Ba mu rubuta wannan don ku je kemis ku saya wa kanku magani ba. Amma in ciwon tsoka da gaɓoɓi ya ƙi tafiya, ga gajiya, ga jin sanyi, ga ƙiba ba dalili ko kumburi a wuya, ku je asibiti ku tambayi likita ko ya kamata a gwada tairod. In kuna kan magani kuma ciwon bai bari ba bayan watanni, ku koma ku faɗa, wataƙila adadin bai daidaita ba, ko akwai wani ciwo daban tare da shi. Kada ku daina da kanku, ko wane ne ya ce ku daina.

Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa gaɓoɓin da ake gani kamar ba su da ƙarfi, jiki ba ya iya yi ba tare da su ba, in ɗaya kuma ta sha wahala duk sun sha. Akwai wani cikin zumuntarku da ya daina zuwa koyon waƙa, ko yake gyangyaɗi a addu'ar kwana. Kafin ku ce ya ja da baya, ku je gidansa a makon nan, ku zauna, ku tambaye shi yaya jiki, ku kuma jira amsar.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka sassaƙa mu, ka san abin da ke ɓoye cikin jikinmu. Ka gafarta mana inda muka hukunta masu ciwo. Ka taɓa waɗanda suke kwana da ciwon gaɓoɓi, ka ba likitoci da ma'aikatan jinya hikima, ka tanada wa marasa hali kuɗin gwaji da na magani. Ka ba mu kunnen saurare. Cikin sunan Yesu, Amin.