Salisu Yusuf da dala 1,000 ɗin da ta ƙi goguwa

1/ Duk lokacin da aka ambaci Salisu Yusuf, jama'a gida biyu suke rabuwa. Wasu su ce namu ne, ɗan Zariya, hassada ce kawai. Wasu su ce mai cin hanci ne, a wuce wurin. Ni dai duka biyun ba su gamsar da ni ba.

2/ Mu fara da aikinsa, don mutumin ya san ƙwallo. A watan Mayun 2016 da Super Eagles ba ta da koci, shi ya riƙe ta na wucin gadi, ya doke Mali da Luxembourg a wasannin sada zumunta. Daga baya ya zama mataimakin Gernot Rohr har gasar kofin duniya ta Rasha a 2018.

3/ Amma babban abin nasa shi ne CHAN ta 2018 a Maroko, gasar ƴan wasan cikin gida zalla. Kafin shi Najeriya ba ta taɓa kai wa wasan ƙarshe ba, ko Keshi na uku ya yi a 2014. Salisu ya fitar da Angola da 2-1 bayan ƙarin lokaci, ya fitar da Sudan da 1-0 duk da jan kati da raunin golansa Ezenwa.

4/ Eh, Maroko ta lallasa mu 4-0 a Casablanca. A nan Zuru gidan kallo ya watse tun kafin a tashi. Sai dai ku tuna su waye ya kai wurin: yaran da ke tafiya wasa a bas, ana riƙe musu albashi wata da watanni.

5/ Sai ga Yulin 2018. BBC ta fitar da bidiyon ɗan jaridar Gana Anas Aremeyaw Anas. An ga Salisu yana karɓar dala 1,000 daga mutanen da suka zo a matsayin wakilan ƴan wasa biyu, suna so a sa su a CHAN. Shi ya ce kyauta ce, kuma yaran dama suna cikin tawagarsa. NFF ta dakatar da shi shekara 1, ta ci shi tarar dala 5,000.

6/ Masu kare shi suna cewa ai kuɗin ba su canza komai ba. Na yarda, wataƙila ba su canza ba. To amma wanda ya cutu ba ya cikin bidiyon. Yaron nan ne da ke buga ƙwallo a filin makaranta a Zuru ko Dabai, ba shi da wakili, ba shi da kawu a Abuja. Abin da yake da shi kawai shi ne yardar cewa in ya iya, za a gan shi. Ita aka taɓa.

7/ Kuma maganar cewa don ɗan Arewa ne aka matsa masa, wallahi ba ta shiga ta. Alƙalin wasa ɗan Kenya, Aden Marwa, dala 600 aka nuna ya karɓa a binciken Anas. Ya rasa gasar kofin duniya, CAF ta kore shi har abada. Namu shekara ɗaya ya yi a gida.

8/ NFF ta dawo da shi, aka sake ba shi ƴan wasan gida, wato dai kujerar da abin ya faru a kanta. Nan ne na fi jin haushi. A 2022 Gana ta hana mu zuwa CHAN a bugun fenariti a Abuja, a 2023 Gini ta fitar da ƴan ƙasa da shekara 23 a hannunsa.

9/ Da ni ake tambaya, ya horar da kulob, ya koyar da matasan kociyoyi, ilimin yana nan. Amma rubuta sunayen waɗanda za su sa rigar Najeriya, wannan kam a ba wani.