YADDA NA SAMU ƊAKI A JIRGIN DA AKA CE YA CIKA

Duk wanda ya kalli fim ɗin Titanic na 1997 ba zai manta yadda jarumin ya samu shiga jirgi ba. Saura 'yan mintoci a tashi ya ciwo tikiti a wurin karta, ya saɓi jakarsa ya kwasa a guje. To mai karatu, ni ma na taɓa tsayawa a bakin ruwa da jaka a kafaɗa ina kallon jirgin da ba ni da gurbi a cikinsa. Bambancin dai ni ba na caca, kuma ko da ina yi, babu wanda zai sa ɗakinsa a karta. Wannan abu ya faru ne a garin Luksor na ƙasar Masar, a makon Kirsimeti na 2024.

Asalin tafiyar ziyara ce na kai wa ɗan baffana da ke karatu a Jami'ar Azhar a Alƙahira. Adashin shekara biyu na kwashe na yi guzuri. Na je Dalar Giza na tsaya a inda Shah Rukh Khan da Kajol suka yi waƙar nan ta cikin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, na ɗauki hoto har batirin wayata ya mutu. Amma babban burina shi ne jirgin shaƙatawa na Kogin Nilu, wanda ke tafiya tsakanin Luksor da Aswan, tafiyar kilomita 200 da 'yan kai. Tun da na ga Mann na 1999, inda Aamir Khan ya haɗu da Manisha Koirala a jirgin ruwa, na ci alwashin sai na kwana a kan ruwa ko sau ɗaya ne. Na tambayi ɗan baffan nawa ko sai an kama ɗaki tun da wuri. Ya ce, "Haba Yaya, jiragen nan sun fi a ƙirga. Ka je kawai, kamar tashar mota ce." Ashe shi ma bai taɓa zuwa ba! Na bi jirgin ƙasa na dare, awa goma da wani abu, na sauka Luksor ranar Lahadi da safe.

Ofishi shida na shiga kafin Azahar, duk amsa ɗaya: ya cika. Wani ma dariya ya yi mini, ya juyo da kwamfutarsa ya nuna mini. Lokacin sanyi ne kasuwar jiragen nan ke ci, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu, domin da bazara zafin kudancin Masar ba na wasa ba ne. A cikin wannan lokaci kuwa babu makon da ya kai na Kirsimeti da sabuwar shekara cunkoso, don Turawa sun samu hutu sun gudo daga ƙanƙarar ƙasarsu. Wasu tun watanni shida baya suka biya. Ni kuma na ɗauko ƙafa na zo a tsakiyar wannan mako da hannuna a aljihu. Yawancin jiragen da ke haurawa Aswan ranar Litinin ko Asabar suke ɗaukar mutane, kwana huɗu. Jirgin sama na komawa gida kuma daren Asabar ne daga Alƙahira. Ke nan in Litinin ta wuce ni, shi ke nan, burin ya bi ruwa.

Ina zaune a bakin kogi na rasa abin da ke mini daɗi sai ga wani mutum cikin jallabiya mai kyau, yana kirana "ya Sudani". Na ce masa ni ɗan Nijeriya ne. Nan take ya kama lissafo mini sunayen 'yan ƙwallonmu, ya ce yana da ɗaki a bene na sama, mai taga babba, wai wani Bajamushe ne ya fasa. In ba shi rabin kuɗi da dala yanzu, gobe ya kai ni. Na ce mu je in ga jirgin. Ya ce yana hanya. Rasit fa? Ya ce tsakanin Musulmi da Musulmi ai babu rasit. Wallahi har na zuge jaka. Allah ya taimake ni na ce bari in kira ɗan baffana. Wannan karon ya yi magana mai ma'ana: "Yaya, don Allah kada ka ba kowa ko sisi sai ka ga mabuɗi a hannunka." Kafin in kashe wayar ɗan kamashon ya hango wasu Turawa ya bi su.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne a wani ɗan ƙaramin ofishin tafiye-tafiye da ke bayan kasuwa. Ya ba ni kujera, ya aika aka kawo shayi, ya ce, "Ɗana, zauna in gaya maka yadda abin yake." A cewarsa, masu jirgi ba su cika sayar da ɗaki ɗaya-ɗaya ba. Manyan kamfanonin yawon buɗe ido ne ke kame ɗakuna a dunƙule, wannan ya riƙe ashirin, wancan goma sha biyar, tun kafin su samu masu saye. Muddin ɗakin na hannun kamfani, a littafin jirgi an sayar da shi, ko da kuwa babu sunan kowa a kai. Abin da ba su sayar ba sukan mayar idan lokaci ya matso. Ya ce a irin wannan mako da wuya a mayar da wani abin kirki, amma akwai ƙofa ta biyu: mutane na rashin lafiya, jirgin sama na makara, ayarin da aka ce mutum talatin ne sai ya iso da ashirin da takwas. Sannan ya faɗi abin da ya fi komai amfani a wurina. Jirgin da aka ce na Litinin ne, ba ya motsawa ranar Litinin. A Luksor yake kwana, fasinjoji su gama zaga wuraren tarihi, sai Talata da rana ya ɗaga. Saboda haka da daren Litinin ne manajan jirgi ke sanin takamaiman wanda ya zo da wanda bai zo ba.

Ya kuma ba ni shawarar in bi mota in tafi Aswan in nemi na Laraba, mai gangarowa cikin kwana uku. Na lissafa na ga zai sauke ni Luksor ranar Asabar da safe, ga awa goma zuwa Alƙahira. In jirgin ƙasa ya yi latti na yi asarar tikitin gida. Na ce a'a. Sai ya haɗa ni da yaronsa muka tafi matsayar jirage.

Wurin nan abin kallo ne. Jiragen ba a jere suke a bakin gaɓa kamar motoci ba, manne suke gefe da gefe, huɗu ko biyar, har tsakiyar ruwa. Wanda nasa ke can ƙarshe sai ya ratsa ta falon kowanne kafin ya isa. Akwai 'yan sanda a bakin ƙofa, ba don yaron dattijo ba da ban shiga ba. Haka muka riƙa bi falo-falo. Na daina tambayar "akwai ɗaki?", domin mai karɓar baƙi amsa ɗaya aka koya masa. Sai in nemi ganin manaja, in ce ni kaɗai ne, kuɗina na hannu, kowane irin ɗaki ina so, ga lambar wayata. Jirgi tara na bar wa lamba.

Ranar Litinin na tafi Karnak don in rage zullumi. A nan ne zauren nan mai ginshiƙai 134 yake, kowanne sai mutane da yawa sun haɗa hannu kafin su zagaye shi. Masu kallon finafinan James Bond za su gane wurin: a nan Roger Moore ya yi ɓuya da ƙaton nan mai haƙoran ƙarfe a The Spy Who Loved Me na 1977. A nan kuma aka ɗauki sin ɗin da dutse ya faɗo daga sama a Death on the Nile na 1978. Shi wannan na 1978 da gaske a Masar aka yi shi, a kan kogin. Sabon na 2022 kuwa, wanda Ali Fazal na Indiya ya fito a ciki, kusan gaba ɗaya a sutudiyo aka yi shi a Ingila, aka ƙera jirgin, aka cike sauran da kwamfuta. Ni dai a ganina tsohon ya fi, don ko ƙurar da ke jikin 'yan wasan ta gaske ce. Duk da haka rabin hankalina na kan waya. Kowane minti biyar sai na duba.

Sai bayan Isha'i ta yi ƙara. Manajan jirgi na bakwai ne. Wani ayari ya iso babu mutum biyu, ya ɗauki wasu miji da mata daga ƙasa ya mayar da su ɗakin da ya rage a sama, nasu kuma ya zama babu kowa. Na iso ina haki. Ya kai ni muka yi ta sauka har bene na ƙarshe, can baya kusa da inji. Ɗaki ne mai gado biyu, tsaf da shi, da banɗaki. Tagar ba ta buɗuwa, ruwan kogi kuma kusan daidai da bakinta yake. Akwai ɗan warin gas, ƙasa na rawa saboda janareta.

Aka zo ciniki. Dokar jiragen nan ita ce ɗaki na mutum biyu ne, wanda ya shiga shi kaɗai sai ya biya ƙari mai tsoka. Manaja ya yanka mini kuɗin mutum biyu cif. Na ce, "Yallaɓai, gobe da rana jirgin nan zai tashi. In ban shiga ba, wa zai kwana a nan? Kifi?" Ya yi dariya har da buga tebur. Muka yi ta ja har muka tsaya a kuɗin mutum ɗaya da ɗan ƙari. Duk da haka ya cinye fiye da rabin abin da ya rage mini. Ban miƙa ba sai da ya rubuta rasit ya buga hatimi, aka karɓi fasfo aka yi rajista, mabuɗi ya shigo hannuna.

Abin da ya ba ni mamaki, a nan babu ƙofar ƙarfe tsakanin na sama da na ƙasa irin ta Titanic. Teburin abinci ɗaya ne, rufin jirgi na kowa ne. Wanda ya biya ninkin nawa a kujerar kusa da ni yake wuni. Akwai mashaya da ɗan wurin wanka a saman, da shigar da ba sai na bayyana ba, don haka na nemi kusurwa ta gaba na kafa sansani. Daga nan kana ganin gonakin rake da ayaba da dabino, kore shar, sannan nan da nan hamada ta soma kamar an ja layi da rula. Idan lokacin salla ya yi, kiran salla na tasowa daga ƙauyukan gaɓa biyu a lokaci guda. Da wani furodusa zai samu wannan lokeshan, da waƙa uku zai yi kafin rana ta faɗi.

Wurin da ba zan manta ba shi ne Esna, inda muka isa da almuru. An datse kogin, ruwan gaba ya fi na baya tudu, don haka sai jirgi ya shiga wani dogon akwati na siminti, a rufe ƙofar baya, a sako ruwa ya ɗaga shi sama a hankali, sannan a buɗe ta gaba. Biyu-biyu ake shiga, ga layi, mun fi awa biyu muna jira. A nan 'yan kasuwa ke cin kasuwarsu. Sukan zo a ƙananan kwale-kwale, su ɗaure a jikin jirgi, su naɗe jallabiya ko mayafin tebur a leda su wurgo har rufin bene na huɗu, ba sa kuskure. In kana so ka sa kuɗi a ledar ka wurga musu, in ba ka so ka mayar da kayan. Ciniki da ihu ake yi. Wata tsohuwar Baturiya ta jefa nata ya faɗa ruwa, wani yaro ya tsamo da sanda yana yi mata faɗa da Turanci da Faransanci duk a haɗe. Da na sauka ɗakina sai na ga ƙafar kwale-kwalensu daidai tagata, muka haɗa ido da wani, ya ɗaga mini gyale yana nuna farashi da yatsu.

Daren nan ne na biya bashin arha. Jirgi na tafiya, inji na gurnani a ƙarƙashin matashina, gilashin banɗaki na kaɗawa. Sai da muka tsaya Edfu cikin dare na samu barci, da asuba kuma aka tashe mu zuwa haikali a keken doki. Da yamma muka tsaya Kom Ombo muka ga gawarwakin kadoji da mutanen da suka busar suka adana. Kada mai rai kam sai can kudu da madatsar Aswan, wadda aka kammala a 1970.

Ranar Juma'a da safe na miƙa mabuɗi a Aswan, na sa 'yar ihsanin ma'aikata a ambulan kamar yadda kowa ya yi. A kasuwar garin na tarar da tulin wani jan abu da suke kira karkade, ana yi wa Turawa bayani kamar maganin gargajiya. Na matsa na duba, ashe zoɓo ne! Ga goruba ma a gefe. Na sayi ƙulli ɗaya don in tsokani ɗan baffana, na ƙirga canjin da ya rage, bai kai na gado a jirgin ƙasa ba. A zaune na yi awa goma sha uku zuwa Alƙahira, jakata a kan cinya, rasit ɗin manaja a cikin fasfo.