Mirriya: Kasuwa na Ci, Sujada na Tafiya

Kasuwar Mirriya ranar Lahadi take ci. Tun da sanyin safiya hanyar da ta fito daga Zinder ta nufi Gure da Diffa ke cika da amalanken shanu, da 'yan kabu-kabu, da motocin da aka lafta wa buhuna har suka karkace. Tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba. Manyan kukoki ne ke fara tarbar baƙo, sai garake kore shar a tsakiyar ƙasa mai ƙishirwa, sannan tukwanen da suka kai sunan garin nesa: tuluna, randuna, kasake, jere a ƙasa jajaye. Tsohon gari ne. Sarautar Sosebaki ta kafu a nan tun kafin Damagaram ta yi ƙarfin da ta mamaye ta a ƙarni na 19.

A wannan ranar ce kuma 'yan tsirarun Kiristocin yankin ke taruwa don sujada, kuma su na zo gani.

Ba jiya suka zo ba. A Zinder ne mishan ɗin SIM ya buɗe tasharsa ta farko a Nijar a 1924, kafin ya kai Tsibiri kusa da Maraɗi, ya kuma gina asibitin Galmi a 1950. Daga aikinsa ikilisiyar EERN ta fito a lokacin samun 'yancin kai. Katolika ma suna da majami'arsu a Zinder, ƙarƙashin bishop na Maraɗi. Duk da haka ƙidayar 2012 ta nuna Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Inda jama'a ba ta da yawa baiko ba ya da yawa, inda baiko ba ya da yawa kuwa ba a ɗaukar ma'aikata. In an samu abin riƙe fasto ɗaya an gode Allah. Sauran aikin duka na masu sa kai ne.

Ɗakin da na shiga ba ya ɗaukar ido. Bencina ne da ɗan tebur, da ganga, da kacau-kacau a hannun mata. Wata uwa ta share wurin tun kafin rana ta yi zafi, ta cika randa da ruwa, abin da ba ƙaramin aiki ba ne a ƙasar Damagaram. Wani saurayi ya janye yara gindin itace don makarantar Lahadi. Wani dattijo ya tsaya gefen mai wa'azi yana mayar da Hausa zuwa Faransanci saboda baƙi. Babu ɗaya daga cikinsu da ake biya ko dala. Wasu ma, ana cewa amin suka yi sallama a gurguje, domin kayansu na jira a rumfa, kuma cinikin wannan yini shi ne abincin mako. Na lura faston bai ɓata fuska ba. Ya gajarta sanarwa, ya ɗage taron dattawa zuwa maraice. A ganina wannan shi ne matakin farko na shugabancin masu sa kai: sanin abin da mutum ya bari kafin ya zo maka.

Matsalar da ta fi cin rai ita ce ƙaura. Da yawa daga cikin 'yan majami'u a wannan yanki malaman makaranta ne, da ma'aikatan lafiya, da masu ɗamara, da ɗalibai, da baƙi 'yan Benin, Togo ko Najeriya. Takardar canjin wurin aiki guda ɗaya tana iya tafiya da mai kiɗa, da ma'aji, da malamin yara a wata ɗaya. Shugaban da ya jingina kowane aiki ga mutum ɗaya zai wayi gari hannu rabbana. Shi ya sa abin da ya fi burge ni a sujadar nan shi ne wata yarinya da aka ba karatun Littafi Mai Tsarki. Ta yi ta tuntuɓe, tana komawa baya, amma babu wanda ya karɓe littafin. Wadda ta saba karatun tana zaune kusa da ita, tana raɗa mata kalmar da ta gagara. Haka masu ginin tukwane ke yi a bayan gidajen garin nan: 'ya na gefen uwa da nata ɗan curin yumɓu, kuma ba a hana ta yumɓu don tukunyar farko ta tsage.

Mirriya ma tana da nata darasin a kan haka, daga wani fanni. A 2013 da 2014 ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN sun koya wa iyaye mata a wannan yanki auna damtsen yaransu da ɗan tsiri mai launi uku, kore da rawaya da ja, don gano tamowa da wuri. Matan da yawancinsu ba su taɓa shiga aji ba sun yi aikin ba su gaza ma'aikatan lafiya na ƙauye ba, kuma dabarar ta bazu zuwa wasu ƙasashe. Kayan aiki mai sauƙi aka ba su, da horo gajere cikin harshensu, da amincewa. Ikilisiya ba ta buƙatar fiye da haka don tayar da malamin yara ko mai ziyarar marasa lafiya. Littafi Mai Tsarki na Hausa yana nan tun 1932, Littafin Waƙoƙi yana nan, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye ta daɗe tana horar da masu bishara da Hausa. Abin da ake yawan mantawa ƙanana ne: alli da allo, ajin yaƙi da jahilci ga matan Zumunta (ƙungiyar matan ikilisiya), kuɗin man babur ga wanda aka aika ƙauye. Ba daidai ba ne a tura talaka aikin Allah da aljihunsa, sannan in ya gaji a ce bangaskiyarsa ce ta yi sanyi.

Akwai wata rana da ba a mantawa a wannan yanki. Ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015, zanga-zangar da ta biyo bayan zanen jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe a Zinder, aka ƙone majami'u, aka rasa rayuka, washegari wutar ta kai Yamai. Iyalai sun gudu, wasu maƙwabtansu Musulmi ne suka ɓoye su. A makonnin da suka biyo baya babu gini, babu bencina, a wasu wuraren babu fasto. Inda sujada ta ci gaba a tsakar gida, ta ci gaba ne saboda akwai wanda aka riga aka koya wa jan waƙa, da buɗe Littafi, da tara mutane.

Da la'asar, ana kwashe rumfuna, dattawan suka zauna a kan tabarma suna raba ayyukan damina. Shuka na gabatowa, rabin masu hidimar za su koma gona, don haka a gaban kowane aiki suka rubuta suna biyu, na mai yi da na mai koyo.