Daga Kano zuwa Makka da Takun Baba

Akwai wani wasa da ɗalibai kan yi idan malami bai shigo aji ba. Wani ya jefa tambaya: da za a ba ka tikitin jirgi biyu, wace ƙasa za ka, kuma wa za ka ɗauka? Wanda aka nuna ya amsa, shi ma ya nuna na gaba, har a zagaye aji. Dubai da Turkiyya da Ingila su suka fi fitowa, abokin tafiya kuwa kusan kullum abokin wasa ne. Da wuya ka ji wanda ya ambaci mahaifinsa ko kakarsa. Amma a gidajenmu tafiyar ƙetare da aka fi sani ita ce ta Saudiyya, kuma sau da yawa dattijo ne ya yi shekaru yana tara kuɗinta, sai a nemi yaro mai jini a jika, wanda ya iya karatu da latsa waya, ya raka shi. Wata rana yaron nan zai iya zama kai, ko ke.

A gidanmu ni aka zaɓa na raka mahaifinmu Umara. Shekararsa 74 a lokacin, ga ciwon gwiwa, ga hawan jini. Darasin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk lissafinta da ƙafar tsoho ake yi. Nisan da za ka ci cikin minti goma, shi sai ya yi rabin awa, da zama biyu a hanya.

Shiri tun daga gida

Abu na farko shi ne fasfo. Dole ya kasance da sauran aƙalla wata 6 kafin wa'adinsa ya ƙare, don haka a duba ranar tun kafin a yi maganar tikiti. Na biyu rigakafi. Saudiyya tana buƙatar masu Umara su yi allurar sanƙarau aƙalla kwana 10 kafin su isa, matafiyi daga Nijeriya kuma yana riƙe katin nan mai ruwan ɗorawa na rigakafin shawara.

Na uku likita. Mun kai Baba aka duba shi, aka ba shi maganin da zai ishe shi har da ƙarin mako guda, da takarda mai ɗauke da sunan kowane magani. Magani a jakar hannu yake tafiya, cikin kwalinsa na asali, domin babban akwati yana iya makalewa a wani filin jirgi. Na tambayi likitan batun lokaci, tunda agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, ya tsara mana yadda za a riƙa shan maganin a can.

Sai zaɓen wata. Da zafi, ma'aunin zafi a Makka yakan wuce 40, a Ramadan kuma cunkoso ba a magana. Muka zaɓi watan Janairu. Wata guda kafin tafiya, kullum bayan La'asar ni da Baba muna fita tattaki cikin unguwa, muna ƙara nisa kaɗan-kaɗan, sanye da takalmin da zai tafi da shi. Sabon takalmi yana sa kanta, tsoho kuwa idan ƙafarsa ta yi rauni tafiyar ta lalace.

Inda muka sha fama shi ne goro. Baba ba ya wuni bai ci ba, ga shi jami'an alhazai suna gargaɗi kowace shekara cewa kada a shiga da shi Saudiyya. Haka ya haƙura, ya rage ci tun daga gida don kada jikinsa ya ji sauyin lokaci ɗaya.

Rigima ta biyu kuma keken guragu ne. Kamfanonin jirgi suna bayar da shi kyauta a filin jirgi idan an nema da wuri, ya fi kyau kwana 2 kafin tashi. Da na kawo maganar, Baba ya haɗe rai.

"Ni za a tura kamar majinyaci? Da ƙafata zan je wa Ubangijina."

"Baba, ƙafar muke so mu adana don ɗawafi," na ce.

Bai amsa ba sai da limamin unguwarmu ya tuna masa cewa Annabi (SAW) ya yi ɗawafi a kan raƙumi a Hajjin Bankwana, kuma ya umarci Ummu Salama ta yi nata a kan abin hawa lokacin da ba ta da lafiya. Daga ranar bai sake musu ba. Idan dattijo ya ƙi abu, a nemo wanda yake jin maganarsa. Gardama da shi ba ta haifar da ɗa mai ido.

Awa biyar a sama

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa Saudiyya tafiyar kusan awa 5 ce. Na nemar wa Baba kujerar bakin hanya, don ya iya miƙewa zuwa banɗaki ba tare da ya tsallake kowa ba. Dogon zama yana kumbura ƙafa, yana iya sa jini ya daskare a jijiya, shi ya sa nake tashinsa ya ɗan taka lokaci-lokaci. Tsofaffi da yawa sukan ƙi shan ruwa don gudun fitsari, wannan kuwa shi ke kawo jiri da kasala. Tun a Kano wata mata ta roƙe mu mu riƙe mata ƙunshi zuwa ga 'yar'uwarta. Na ba ta haƙuri. Kayan da ba ka ga abin da ke ciki ba, kada ka karɓa, kada ka bari tsohonka ya karɓa saboda kunya.

A cikin jirgi Baba ya ba ni labarin wani kawunsa da ya tafi Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, yana tsayawa yana noma da ƙwadago don samun guzuri, har ya tsallake Bahar Maliya. Sai bayan shekaru ya dawo. Wasu da yawa ba su dawo ba, jikokinsu na nan a Sudan da Makka suna jin Hausa har yau.

Madina, garin hutawa

Mun fara da Madina, kuma ga mai tafiya da tsoho haka ya fi. Kewayen Masallacin Annabi shimfiɗaɗɗe ne, babu hawa babu gangara. A harabarsa akwai manyan lemomi 250 da ke buɗewa da rana su rufe da dare, sai ka ga inuwa ta lulluɓe fili cikin 'yan mintoci. Baba ya kan zauna a ƙarƙashinsu bayan Azahar yana kallon mutane daga Indonesiya da Pakistan da Turkiyya suna wucewa, yana cewa duniya da faɗi take.

Shiga Rauda sai da izini, ana nemansa ta manhajar Nusuk a waya. Nan aikin yaro yake fitowa fili, domin Baba bai san inda ake latsawa ba. Ziyarar masallacin Ƙuba da dutsen Uhudu mun raba su kwana biyu, ko da yake mota na iya zagaya su da safe ɗaya. A Uhudu, wajen kilomita 5 arewa da masallaci, akwai ɗan tudun da maharba suka tsaya a yaƙin shekara ta 3 bayan Hijira. Matasa na ta hawa. Baba ya tsaya a ƙasa, ni na hau na ɗauko masa hoto. Da asuba Madina na da sanyi a Janairu, ga na'urar sanyaya ɗaki, don haka rigar sanyi da hula mai kauri sun yi mana rana.

Jirgin ƙasa zuwa Makka

Tsakanin Madina da Makka kilomita 450 ne. A mota awa 5 ko fiye, amma jirgin ƙasa na Haramaini, wanda aka buɗe a 2018, yana gudun da ya kai kilomita 300 a awa, ya kai ka cikin kamar awa biyu da rabi. Ya fi mota tsada, sai dai akwai banɗaki da wurin miƙe ƙafa, ga mai ciwon gwiwa kuɗin bai tafi a banza ba. Jirgin ba ya tsayawa a miƙati, don haka muka fara zuwa Zul-Hulaifa a tasi, muka ɗaura harami, sannan muka wuce tasha.

Makka kuwa kwari ce tsakanin duwatsu. Idan an ce maka masauki mita 500 yake daga Harami, tambayi ko hanyar hawa ce, ko akwai motar da ke kai mutane. Mun isa da yamma, amma ba mu fara Umara ba sai da Baba ya ci abinci ya yi barci.

Ɗawafi zagaye 7 ne. A ƙasa kusa da Ka'aba zagayen gajere ne amma da turereniya. A bene akwai sarari da hanyar masu keke, sai dai zagayen ya fi tsawo nesa ba kusa ba. Baba ya yi ɗawafinsa da ƙafa a gefen taro, hannunsa a kafaɗata, farin dutsen da aka shimfiɗa yana sanyaya masa tafin ƙafa. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa sau 7 kusan kilomita 3 ne, a nan ya hau keke na tura shi. Da muka zo wurin koren fitila inda maza ke sassarfa, sai na ji ya ce, "Ƙara sauri mana, yaro!" Na ƙara, yana dariya.

Babban abin tsoro a Makka shi ne ɓata. Dogon ginin agogon nan mai tsawon mita 601 ana hango shi ta ko'ina, saboda haka cewa "mu haɗu wajen agogo" ba ta da amfani. Ƙofofin Harami suna da lamba: ta Sarki Abdul'aziz ita ce 1, ta Sarki Fahad 79. Mun zaɓi ɗaya muka riƙe ta har muka dawo. A aljihun Baba kuma kullum akwai kati mai sunan masaukinmu da Larabci da lambar wayata.

Abinci ma sai da dabara. Shinkafa da kaza sun gundure shi tun kwana na uku. Garin kunu da yajin da Inna ta ƙulla mana su suka cece mu.

Cikin kwana 12 akwai kasuwannin da ban shiga ba, ban kuma hau dutsen Hira ba, saboda ba zan bar shi shi kaɗai ba. Ban yi asara ba. A zaman da muke yi a hanya yana hutawa na ji labarin ƙuruciyarsa da na kakannina, wanda a gida kunya ba ta bari ya faɗa. Idan akwai dattijo a gidanku da ke shirin wannan tafiya, fara da abu mai sauƙi a makon nan: buɗe fasfonsa ka duba ranar ƙarewa, ka rubuta sunayen magungunansa a takarda, sannan bayan La'asar ka ce, "Baba, zo mu ɗan taka."