Zafin Ruwa da Ɗanɗanon Gahawa

'Yan'uwana ɗalibai, ga jarrabawa ta matso, na kuwa san da yawa daga cikinmu da gahawa, watau kofi, su ke korar barci. Sau da yawa nakan ji ana kushe ta, wani ya ce ta fi maɗaci ɗaci, wani ya ce lami ce kamar ruwan ɗauraya. Ni da na daɗe ina dafa ta safe da yamma, abin da na gani shi ne yawanci laifin yana wurin ruwan da aka zuba mata. Ban da irin ta gwangwani mai narkewa nan take, gama ita an riga an dafa ta a masana'anta an busar. Maganata a kan ƙwayar da aka soya aka daka ce.

Cikin garin gahawa akwai abubuwa iri iri waɗanda ruwa ke jawowa, kuma ba tare su ke fitowa ba. Masu tsami su ke fara fita, sa'an nan masu ɗan zaƙi su biyo, masu ɗaci da bauri su ne na ƙarshe. Aikin zafi shi ne gaggauta fitowarsu. In ruwa ya yi zafi ƙwarai, ya kuma daɗe a kan garin, sai ya kwaso har da na ƙarshen, baki ya cika da ɗaci. In kuwa ɗumi kurum ya yi, aka tace da wuri, sai a sha tsami tsararo. Saboda haka masana gahawa suka tsai da zafin da ya dace tsakanin digiri 90 da 96 na ma'aunin Santigired.

Ba ni da ma'aunin zafi a ɗaki. Nakan sauke buta in ta tafasa, in ƙirga sittin, in zuba a kan cokali biyu na gari, in bari minti 4, kana in tace. Ran nan abokin ɗakina ya yi mini gardama, sai na jera masa kofi uku: na farko na bar shi yana tafasa a kan wuta minti 10, na biyu na yi yadda na saba, na uku na zuba ruwan da ya huce. Ya kurɓi na farko ya yamutse fuska, ya ce na uku ruwa ne mai launi, ya shanye na tsakiya bai rage mini ba.

Amma fa wannan dabara tana da wurinta. A Ikko da Fatakwal da Kalaba, da sauran garuruwan bakin teku, ruwa yana tafasa a digiri 100, shi ya sa a ke jira ya ɗan huce. In mutum ya hau tudu, nauyin iskar da ke danne ruwa yana raguwa, sai ya tafasa da wuri. Kowace mita 300 da aka hau, wajen digiri ɗaya ke zubewa. Jos tana bisa teku da kamar mita 1,200, ruwanta kuwa a wajen digiri 96 ya ke tafasa. A Gembu, bisa tsaunin Mambila inda a ke noman shayi da gahawa, bai ma kai haka ba. To, wanda aka tura koyarwa can ba shi da bukatar ƙirga kome, daga wuta sai kan gari. A Addis Ababa ta ƙasar Habasha, inda asalin gahawar Arabika ya ke, tafasar ba ta wuce wajen digiri 92, suna kuwa dafa tasu cikin ɗan tulun yumɓu a kan garwashi.

Kada kuma a ɗora wa zafi abin da ya fi ƙarfinsa. A 2020 waɗansu masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun dafa gahawa a digiri 87 da 90 da 93, suka daidaita laushin gari da lokaci har kaurinta ya zo ɗaya. Masu ɗanɗanawa da ƙyar suka ji bambanci. Watau zafi da lokaci da laushin gari tare su ke aiki, in ɗaya ya ragu sai a ƙara ɗaya. Har da ruwan randa ana yin gahawa: a jiƙa gari mai tsaki-tsaki sa'a 12 ko fiye, a tace, ta fito ba ɗaci sosai. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.

Saura zafin sha. A 2016 hukumar binciken ciwon daji ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa yawan shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon dajin maƙoshi. Harshe ma ba ya rarrabe ɗanɗano sosai sai abu ya ɗan huce. Don haka nakan ajiye kofina in karanta shafi biyu tukuna.

Mu da za mu zama malamai, ga darasin kimiyya a arha. Buta da ma'aunin zafi sun isa a nuna wa yara cewa 100 ɗin da ke cikin littafinsu na bakin teku ne. Wanda aka tura Jos ko Gembu ya auna tare da ajinsa, ya aiko wa wannan mujalla abin da suka samu.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, amin.