Labarin da ba ya shiga akwati

A garuruwan Adar, da zarar damina ta kawo kai, ƴan cin rani sukan fara dawowa daga Abijan. Da dare a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, a ɗora shayi, matafiyi ya buɗe baki. Zai ba da labarin teku da benaye, ana zagayawa da rediyo da turmin atamfar da ya kawo wa mahaifiya. Ba a cika jin daren da ya kwana da yunwa ba, balle ranar da aka ci masa mutunci a gaban jama'a. Kunya ce ke hanawa, domin namiji ba ya dawowa gida da kuka. Yaran da ke gefen tabarma rabin labari suke ji, kuma da rabin nan suke ƙulla niyyar tafiya.

Ɗaya rabin an taɓa faɗinsa, a cikin birnin kansa. A shekarar 1957 Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauki hotunan waɗansu samarin Nijar mazauna unguwar Tireshbil ta Abijan. Cikinsu akwai Umaru Ganda, haifaffen Yamai a 1935, tsohon sojan Faransa da ya yi yaƙin Andoshin, wanda ya koma ɗan dako a tashar jiragen ruwa. Na'urar Rouch ba ta ɗaukar murya tare da hoto. Wannan naƙasa ita ta zama alheri: daga baya aka zaunar da Ganda yana kallon kansa a majigi, yana faɗin abin da ya zo masa a baki. Haka aka samu fim ɗin «Moi, un Noir», wanda ya ci kyautar Louis-Delluc a 1958.

Samarin sun ari sunayen taurarin silima, Ganda ya zama Edward G. Robinson. Mai gaggawa zai ce kwaikwayon Turawa ne kawai. Amma a ƙarƙashin sunan aro ne bakinsa ya saki. Ya faɗi neman aikin yini da ake wayewa da shi, da kuɗin da ba sa kai ƙarshen mako, da mafarkinsa na zama zakaran dambe, da budurwar da wani Ba'italiye mai abin hannu ya raba shi da ita. A ƙarshen fim yana tafe a bakin ruwa, yana faɗuwa yana tashi, yana nuna wa ƙaramin abokinsa yadda ake mutuwa a Andoshin. Babu tabarmar da aka taɓa yin irin wannan hira a kanta.

Sai dai almakashi yana hannun Rouch, shi ke zaɓen abin da zai shiga. Da Ganda ya komo gida ya riƙe na'urar da kansa. A «Cabascabo», da aka nuna a Kan a 1969, ya maimaita labarin da Zabarmanci: tsohon soja ya dawo da kuɗi, abokai da maroƙa suka taya shi cinyewa, suka watse. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981, kuma gidan raya al'adu na Yamai yana ɗauke da sunansa.

Tsarar da ta yi dako a Tireshbil a wancan zamani ta kusa ƙarewa. Waɗanda rikicin 2002 ya koro kuwa suna nan a Tawa da Maraɗi da Damagaram, wasu jikokinsu na zaune a ajin lakwal. Ƙungiyoyin al'adu sun yi ƙoƙari wajen tattara tatsuniyoyi da kirarin sarakuna, amma ba kasafai ake kai na'ura gaban tsohon ɗan dako ba. Shi ma ba zai yi magana a gaban ƴaƴansa da surukansa ba. Sai an ja shi gefe, da hantsi, bayan gida ya watse.