Lambun da Zomaye ke Ciyarwa a Samaru

Idan ka baro Sabon Garin Zariya ka kama hanyar Funtuwa, kafin ka kai Shika sai ka ratsa Samaru. Tun 1922 ake gwajin iri da taki a wannan gari, lokacin da Turawa suka kafa tashar da ta koma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ni dai ba wurin masanan na je ba. Wani lungu na shiga bayan kasuwa, gidan wani dattijo, tsohon malamin firamare, wanda abokina ya ishe ni da labarin alayyahunsa.

Ƙarshen hunturu ne, ƙura ta yi wa kowace bishiya hoda. Muna wuce zaure da tsakar gida, ya tura wani ƙyauren kwano, sai ga kore shar har ido ya ji sanyi. Filin bai fi ɗaki huɗu ba. Fangali takwas ne: alayyahu, latas, albasa, karas, sai attaruhu a gefe da zogale uku a jikin katanga. A inuwar mangwaro kuma keji ne mai dogayen ƙafafu, zomaye a ciki suna ta motsa hanci.

"Baba, wane takin zamani kake zubawa?" na tambaye shi.

Ya yi dariya, ya nuna kejin da sandarsa. "Ɗana, ga kamfanin takin nan. Ma'aikata tara ne, ba albashi, ba yajin aiki."

Asalinsu ba don taki aka kawo su ba. Jikarsa ce ta ga zomo a gidan su ƙawarta ta sa kuka, ya sayo mata biyu, mace da namiji. Zomanya kuwa wata ɗaya take ɗaukar ciki, kwana 31 ko kusa da haka, ta zubo 'ya'ya biyar, shida, wani lokaci fiye. Kafin shekara ta zagayo gida ya cika, matarsa Hajiya ta fara ƙorafin wari. Da ya rasa inda zai kai shara, sai ya riƙa watsawa a gindin zogale. Zogalen ne ya tona asirin.

Na durƙusa na duba ƙarƙashin kejin. Daɓensa ragar waya ce, ƙasa da ita an kafa fallen kwano a karkace. Kashin ya gangaro ya tsaya a bakin wata 'yar raga, fitsarin ya wuce ta mazurari zuwa cikin jarka. Ya ɗebo kashin da hannu ya zuba mini a tafi. Ƙwayoyi ne busassu, girman gujiya ƙanana, ba nauyi. Na murje ɗaya, ta ɓare kamar dusa, ba ta da wani wari sai na busasshiyar ciyawa. Zomo guda yakan yi irinsu 200 zuwa 300 a yini.

A nan ne darajar abin take. Duk mai lambu ya san kashin kaji zafi gare shi, idan ka zuba shi ɗanye sai ya ƙone saiwa, dole a tara shi ya ruɓe tukuna. Na shanu kuma yakan zo da irin ciyawa, ka yi ta cira. Na zomo daga keji sai fangali. Yakan tona ƙasa kaɗan, ya zuba cikin tafi biyu a gindin attaruhu, ya rufe, ban ruwa ya yi sauran aikin, ƙwayoyin suna narkewa sannu a hankali. Ya caka sanda a fangalin albasa ya juyo ƙasar: baƙa, mai laushi, har da tana guda biyu suna mutsu-mutsu. Bayan katangar kuwa ƙasar ja ce, ta ƙeƙashe kamar bulo.

Latas kaɗai yake yi wa dabam. Tunda ɗanye ake ci, sai ya haɗa kashin da ƙasa makonni kafin dashe, ba ya bari ya taɓa ganye. Wannan ya burge ni, don na ga masu lambu da yawa da ba su damu da abin da ke hawa kan ganyen da za a kai kasuwa ba.

Fitsarin shi ne mai faɗa. Ya ce shekarar farko ya kwarara shi tsurarsa a kan tumatir, washegari ganye ya yi kamar an babbaka. Yanzu sai ya auna gwangwani ɗaya a goma na ruwa, ya zuba a gindi da yamma. Na buɗe jarkar don in gani, na yi saurin rufewa. Hajiya tana da gaskiya.

Jikar ta zo da ganyen dankali da ragowar karas tana tura musu. Ta ce mini cikin raɗa wai ta taɓa kama wani farin zomo yana cin kashinsa. Ba ƙarya ta yi ba. Kashin zomo iri biyu ne: busasshen da muke gani, da wani mai laushi da yake fitarwa galibi da dare ya sake haɗiyewa, don cikinsa ya ƙara tatsar amfanin ciyawar. Wanda ya faɗo ƙasa, ke nan, shi ne wanda ya gama da shi.

Sai dai kada a yi wa zomo ɗaurin giwa. Naitirojin da ke cikin kashinsa wajen kashi 2 ne cikin 100, na yuriya kuwa kashi 46. Da na lissafa a kaina, kafin ka maye buhu ɗaya mai kilo 50 sai ka tara kashin zomo fiye da tan guda. Mai gonar masara ba zai dogara da keji ba, shi ya sa har yau ake kai takin gari gona a amalanke, ake roƙon Fulani su kwana da shanunsu a kan fili bayan girbi. Amma fangali takwas a bayan gida, zomo tara sun riƙe su.

Abin da ke damun dattijon shi ne bazara. Zomo ba ya jure zafi, ta kunne yake fitar da shi, kuma zafin Maris da Afrilu ya taɓa kashe masa uku a mako ɗaya. Tun daga nan yake rufa jiƙaƙƙen buhu a saman kejin da tsakar rana. Ga ɓera, ga kyanwar maƙwabta da ke zagaye idan an haihu.

Na tambaye shi ko suna yankawa, tunda an ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, waɗannan kuwa ba gudu. Ya saci kallon jikar, ya rage murya: "Sai ranar da ta tafi gidan iyayenta hutu. Idan ta dawo mu ce ya yi tafiya."

An kira la'asar. Ya yanko mini alayyahu dami biyu, ya ƙulla kashin zomo a leda ya ce in gwada a tukunyar attaruhuna. A motar haya zuwa Kwangila, matar da ke kusa da ni ta leƙa ledar, ta tambaye ni nawa nake sayar da mudun wannan gujiya.